Kare a Waje, Mage a Ɗaka: Tarihin Wata Tsohuwar Yarjejeniya a Gidan Bahaushe

Achika ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Wudil, ƙasar noma da kiwo da ke kudu maso gabashin birnin Kano. Kamar sauran garuruwan yankin, irin su Utai da Darki da Indabo da Lajawa, fuskarta tana sauyawa a hankali. 'Ya'yan gari da suka yi karatu suka sami aiki a Kano ko Abuja, ko a jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a Wudil a 2001, sukan dawo su yanki fili a bakin gari su yi ginin siminti, su kewaye shi da katanga, su sa ƙofar ƙarfe. Gidan da ya fita daga cikin dangi kuwa ya rasa tsaron da maƙwabtaka take bayarwa, shi ya sa ba a daɗewa maigida yake fara tunanin ajiye kare. A nan ne magana take tasowa, domin sau da yawa akwai wadda ta riga karen shiga gidan: magen Hajiya, wadda aka taho da ita daga tsohon gida tare da tukwane da turmi, kuma ba mai iya cewa a rabu da ita.

Wane irin kare za a kawo wanda ba zai kashe ta ba? Wanda ya nemi amsa a intanet zai tarar da jerin sunayen karnukan Turai da Amurka, an ce wannan yana da haƙuri, wancan yana da zafin rai. Jerin ba ya rasa amfani, sai dai an rubuta shi ne domin gidajen da kare da kyanwa suke kwana a kan kujera ɗaya. Gidan Bahaushe yana da nasa tarihin da waɗannan dabbobi biyu, ya kuma shafe ɗaruruwan shekaru yana riƙe da su duka ba tare da an ji kansu ba.

Baƙin kare a gindin Dala

A rubutaccen tarihin Kano, kare ya fara bayyana ne a matsayin abin yanka. Kundin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci ya buga a 1908, ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura, da yadda mutanen wancan zamani suke taruwa a gindin dutsen Dala, wasu riƙe da baƙin kare, wasu da baƙar kaza, wasu da baƙin bunsuru, domin a yi tsafi da su. Wannan kafin zuwan Bagauda ke nan, wanda kundin ya sa farkon sarautarsa a wajajen shekarar 999. Abin da za a iya tsinta daga labarin shi ne kare dabbar gida ce a lokacin, ana jera shi da kaza da akuya, kuma yana da darajar da za a miƙa shi ga abin bauta. Har yau harshe yana riƙe da wani ɓurɓushi na zamanin da naman kare bai zama abin ƙyama ba: in an ce wane yana cin karensa babu babbaka, ai an san akwai lokacin da ake babbake shi kafin a ci.

Kare ya daɗe da ɗan Adam fiye da kowace dabba. An tono kabarin da aka binne kare tare da mutane a Jamus wanda ya kai shekara 14,000, tun kafin a san noma. Zane-zanen da ke jikin duwatsun Sahara suna nuna karnuka tare da mafarauta da makiyaya, a zamanin da hamadar take da ciyawa da tafkuna. Ita kuwa kyanwa noma ne ya jawo ta. Da mutum ya fara tara hatsi sai ɓera ya zo, da ɓera ya zo sai muzurun daji ya biyo shi. Kakan duk wata kyanwar gida a duniya shi ne wannan muzurun daji na Afirka da Gabas ta Tsakiya, wanda har yanzu akwai shi a dazukan Sahel. Mafi daɗewar shaidar zamanta da mutum wani kabari ne a tsibirin Kubrus mai kimanin shekara 9,500. Tun daga tushe, ashe, aikinsu ya bambanta. Kare abokin fita ne, na dawa da garke. Mage ta rumbu ce.

Hukuncin da ya raba musu gida

Musulunci ya shigo fadar Kano, a ruwayar wannan kundi, a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) ta hannun Wangarawa, kuma mazhabar da ta kafu ita ce ta Imamu Malik. Wannan yana da muhimmanci ga labarinmu fiye da yadda ake zato, domin a cikin mazhabobi huɗu babu wadda ta sassauta wa kare kamar Malikiyya.

Mutane da yawa a yau, har da masu ilimi, sun ɗauka cewa kare najasa ne ta kowace fuska, wanda ya taɓa shi sai ya yi wanki bakwai. Wannan fahimtar Shafi'iyya da Hambaliyya ce. A Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne, da shi da yawunsa da guminsa, kuma kare yana ciki. Hadisin da ya ce a wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallage a cikinta, malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin umarnin bauta da ake bi ba don ƙazanta ba. A cikin Mudawwana an ruwaito Malik yana mamakin yadda za a halatta cin abin da kare ya farauto da bakinsa sannan a ƙyamaci yawunsa, yana kuma ganin babban abu ne a zubar da madara ko man shanu, arzikin Allah, don kawai kare ya sa baki. An ma ce yana kallon kare kamar ɗaya daga cikin mutanen gida, ba kamar sauran namun daji ba. Aya ta huɗu a Suratul Ma'ida ita ce ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, kuma a Suratul Kahfi kare ne ya kwanta a bakin kogo yana gadin bayin Allah.

To me ya fitar da shi waje? Wasu hadisan ne, waɗanda suka ce mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare, da waɗanda suka ce ladan mutum yana raguwa kullum in ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da kowane almajirin zaure a ƙasar Hausa yake bi ta kansa bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ta tattara hukuncin a taƙaice: ba a ajiye kare a gidaje, a birni ko a ƙauye, sai na gadin shuka, ko wanda yake bin dabbobi kiwo ya dawo da su, ko na farautar neman abinci, ba ta nishaɗi ba. Kare ya sami lasisi ke nan, amma lasisin aiki, kuma wurin aikin yana waje.

Akwai wani labari da masu sharhin Risala suke kawowa wanda ya kamata duk mai sabon gida a bakin gari ya sani. An ce katangar gidan shi Ibn Abi Zaid ɗin ta faɗi a wani zamani na tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Malik ya karhanta haka, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki zai ajiye. Daga irin wannan ne malamai da dama suka yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona da garke. Hatta sayar da kare an yi saɓani a kansa a cikin mazhabar: mashahurin zance hani ne, amma Sahnun, wanda ya tattara Mudawwana, ya halatta sayar da wanda aka yarda a ajiye, har aka ruwaito cewa yana ganin ana iya zuwa hajji da kuɗinsa.

Mage ba ta sha wannan doguwar muhawara ba. A Muwaɗɗa akwai labarin Abu Ƙatada da ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya kuma shaida wa surukarsa da ta yi mamaki cewa Annabi (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. Ga hadisin matar da aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa, ga kuma laƙabin Abu Huraira da kowane yaro ya san ma'anarsa. A Alƙahira, Sarki Baibars na ƙarni na 13 har waƙafi ya yi domin ciyar da kyanwoyin birni. Adalci dai shi ne a tuna cewa shi ma kare yana da nasa hadisin, na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da shi ruwa da takalminsa, kuma wani malamin Bagadaza, Ibn al-Marzuban, ya rubuta littafi sukutum a ƙarni na 10 a kan fifikon karnuka bisa da yawa daga masu sa tufafi. Sunan littafin kaɗai ya ishi mai hankali habaici.

Yadda gini ya zartar da hukunci

Abin da littafi ya faɗa, magina ne suka aiwatar da shi. Gidan gargajiya a ƙauyukan Kano hawa-hawa ne: ƙofar gida da dakalinta, zaure, sannan farfajiya ko shigifa, kafin a kai tsakar gida inda mata da yara da murhu suke, da ɗakuna, da rumbuna. Kowane mataki yana tace wanda zai wuce. Baƙo namiji yana tsayawa a zaure. Kare ma iyakarsa ke nan, in ma ya samu. Galibi wurinsa gindin bishiya a ƙofar gida, ko turken dabbobi, ko bukkar gona. Ba ya shiga inda ake shimfiɗa tabarmar salla, ba ya kusantar randa. Mai kula da shi kuwa samari ne da yara maza, su ne masu zuba masa ƙanzo da ragowar tuwo a kasko.

Mage ta mata ce. Tana shiga ɗaka, tana kwana a bayan gado ko ƙarƙashin jere, tana haihuwa a lungun rumbu, ba mai korar ta sai in ta sa kai a ƙwaryar nono. Kuma tana da abin da karen ba shi da shi, wato sama. Katangar ƙasa tana da kauri da kaushin da farce zai kama, ga rufin soro, ga kan rumbu, ga darbejiya ko dabino a tsakar gida. In ta fito waje suka yi kiciɓis, tsalle ɗaya ya raba gardama. Dabbobin biyu sun zauna gida ɗaya ba tare da sun zauna wuri ɗaya ba, kuma ba wanda ya taɓa buƙatar su yi abota.

Karin magana ya adana wannan rabo. Abokin gabar mage a bakin Bahaushe ɓera ne, na kare kuwa kura ko zomo ko biri: karen bana shi ke maganin zomon bana, kare jini biri jini, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Mage kuma ita ce mai kwanciyar ɗaukar rai, sai kyanwar Lami da ba ta cizo ba ta yaƙushi. Bature kuwa ya mayar da faɗan kare da kyanwa abin misali. In Bahaushe zai kwatanta waɗanda ba sa ga maciji da juna, doya da manja yake kawowa.

Wani abu kuma ya faru a ƙauye wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba, amma sakamakonsa yana kwance a kowace ƙofar gida. Karen gari yana tashi ne a cikin kaji da zabi da 'yan awaki da jarirai masu rarrafe. Wanda ya fara kama kaza ba ya daɗewa: ko a ba da shi, ko a kashe, ko a sayar wa fataken da suke bi ƙauye-ƙauye suna tara karnuka zuwa kasuwanni irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato. Wanda ya iya kwanciya 'yan tsaki suna tsallake shi, shi ne yake saura ya hayayyafa. In aka yi haka zuriya bayan zuriya, an yi zaɓen iri ke nan, ko da ba wanda ya kira shi da wannan suna. Wannan jan kare ko fari mai tsayayyen kunne da ake rainawa, ana ce masa na gida, ya fito ne daga doguwar makarantar zama da ƙananan dabbobi. Binciken ƙwayoyin gado da Adam Boyko da abokan aikinsa suka buga a 2009, a kan karnukan ƙauyukan Masar da Uganda da Namibiya, ya nuna cewa akasarinsu tsohon tsatso ne mai zaman kansa, ba gaurayen karnukan Turai da suka lalace ba.

Sai dai ba duk karen gida ne haka ba, kuma a nan mai neman kwikwiyo zai yi hattara. Akwai layin 'yan farauta. Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Wudil da rani ya ga motocinsu, samari da gorori da adduna, karnuka a tsakaninsu, an nufi daji. Waɗannan karnuka an zaɓe su ne a kan kishiyar abin da ake nema a tsakar gida: wanda ya fi saurin ganin motsi, ya fi naci a bin zomo ko gafiya, ya kama bai saki ba, shi ake bar wa baya. Ga irin wannan kare, mage mai gudu ba ta da bambanci da zomo. Haka abin yake ga dogon karen Buzaye na kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, wanda aka fara kaiwa Turai a farkon shekarun 1970, ƙungiyar masu karnuka ta Amurka kuma ta yi masa cikakkiyar rajista a 2019. A zangon Buzaye yana kwana cikin awaki bai taɓa su ba, domin da su ya tashi, amma barewa ko zomo in ya gifta sai dai a bi sawu. Kare ɗaya ne, abin da ya sani tun yana jariri shi ne dangi, saura kuwa nama.

Karen Bature

Bayan 1903 wani sabon kare ya shigo Kano. Jami'an mulkin mallaka da suka zauna a Nasarawa da Bompai sun zo da al'adar da ta bunƙasa a Ingila a ƙarni na 19, ta kare abokin zama mai suna da takardar asali, wanda yake shiga falo, kuku yana dafa masa abinci. Ita kanta maganar "irin" kare sabuwa ce: a 1873 aka kafa ƙungiyar rajistar karnuka ta Ingila, kuma a 1899 wani tsohon hafsan sojan doki, Max von Stephanitz, ya kafa ƙungiyar karen kiwon Jamus. Ingilishi sun sauya masa suna zuwa Alsatian bayan yaƙin duniya na farko saboda ƙin jinin duk abin da ya shafi Jamus, kuma wannan suna ne ya maƙale a bakin 'yan Nijeriya har yau. Mulkin mallaka ya kuma zo da hukuma a kan lamarin: ɗakin binciken cututtukan dabbobi da aka kafa a Vom a 1924, da farko domin yaƙi da bushiya a shanu, daga baya ya shiga yin allurar rigakafin haukan kare, sannan a farkon shekarun 1940 aka yi dokar karnuka mai maganar lasisi da tsare su in cutar ta ɓulla.

Manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da suka gaji unguwannin Turawa sun gaji karen, amma ba su gaji falon ba. Suka mayar da shi maigadi: keji da rana, a sake shi da dare. A 'yan shekarun nan, da fashi da satar mutane suka yawaita, kasuwar ta koma ga manya masu ban tsoro, Rottweiler da Boerboel na Afirka ta Kudu da Caucasian mai gashi kamar tunkiya, wanda aka yi domin sanyin duwatsun Kaukasus, ake kuma ɗaure shi a garin da zafin Afrilu yake haura digiri 40. Wannan zalunci ne ko da babu mage a gidan.

Matsalar ita ce sabon gini ya rushe tsohuwar yarjejeniya. Babu zaure. Fili ɗaya ne daga ƙofar ƙarfe har bayan kicin, an shafe shi da siminti, an sare bishiyar da aka tarar domin mota ta sami wurin juyawa. Katanga ta yi tsawo, an yi mata filasta sumul, an dasa fasassun kwalabe ko waya mai reza a kanta. Karen da ya wuni a keji cikin zafi, bai taɓa ganin mage ba sai ta tsakanin ƙarafa, shi ake saki da ƙarfe goma na dare, daidai lokacin da ita take fitowa farautar ɓera. Ba ta da inda za ta hau. Abin da yake biyo baya ba sai an faɗa ba, kuma da safe laifin yakan faɗa kan kare, alhali mai zanen gidan ne ya haɗa su.

Abin da bincike ya ƙara

Masana halayyar dabbobi sun zo daga baya sun auna abin da ƙauye ya daɗe yana yi. A 2008 Neta-li Feuerstein da Joseph Terkel na jami'ar Tel Aviv suka buga nazari a kan gidajen da suke da kare da kyanwa tare. A kusan kashi biyu cikin uku na gidajen dabbobin suna zaman lafiya, a wajen rubu'i ba ruwan kowa da kowa, faɗa kuwa a wajen ɗaya cikin goma ne kawai. Abin da ya fi kawo jituwa shi ne kyanwa ta riga kare zuwa gidan, kuma a haɗa su da ƙuruciya: ita ba ta wuce wata shida ba, shi bai kai shekara ba. Sun kuma lura cewa dabbobin suna koyon yaren juna, wanda a wurare da dama kishiyar juna ne. Kaɗa wutsiya a wurin kare yawanci murna ce, a wurin mage gargaɗi ne. Wani nazarin na jami'ar Lincoln a Ingila a 2018, a kan gidaje 748, ya gano cewa natsuwar kyanwar ita ce ta fi nuna yadda zaman zai kasance, fiye da halin karen. Wato dai Hajiya tana da gaskiya da ta ce a fara duba magenta.

Maganar iri kuwa, wadda jerin intanet ya ginu a kanta, ta sha kashi a 2022, lokacin da mujallar Science ta buga binciken Kathleen Morrill da abokanta a kan karnuka sama da 18,000. Sun sami cewa iri yana bayyana kusan kashi 9 cikin ɗari ne kawai na bambancin hali tsakanin kare da kare. Wannan bai share hatsarin karen farauta ko ƙaton karen gadi ba, domin in Boerboel ya yi kuskure sau ɗaya an gama, ƙaramin kare kuwa sai dai ya sha yaƙushi. Amma ya nuna cewa takardar asali ba ta ba da tabbaci. Tun a 1965 John Paul Scott da John Fuller suka nuna cewa akwai wata taga a rayuwar kwikwiyo, daga mako uku zuwa wajen goma sha biyu, wadda abin da ya saba da shi a cikinta yake zama nasa har abada. Ta 'yar mage ta fi gajarta, daga mako biyu zuwa bakwai.

Ga mai gida a Achika, ma'anar wannan a fili take. Kwikwiyo ɗan wata biyu daga gidan da uwarsa take kwance kaji da mage suna wucewa ta gabanta ya fi babban kare mai tsada da aka sayo daga keji a birni, wanda ba wanda ya san da me ya tashi. A je a ga uwar da ido, a tambaya ko tana zuwa farauta. In an kawo shi, kwanakin farko yana ɗaure ko a hannu, mage tana sake, ita za ta zaɓi ranar da za ta matso. In tsohuwa ce da ba ta taɓa zama da kare ba, abin yana iya ɗaukar watanni, kuma iyakar abin da za a samu watakila shi ne kowa ya kama gabansa, wanda ya wadatar. Kaskon abincinsu daban, nata a sama. Kada a bar yara su tunzura shi ya bi ta don wasa, domin bi ɗaya mai daɗi yana koya masa abin da wata guda na horo ba zai goge ba. A bar mata bishiya, ko a gina mata wani tudu ko taga da shi ba zai kai ba, a kuma ware ɓangaren mata da 'yar katanga da ƙofa, wanda dai zaure ne aka dawo da shi da wani suna.

Dalilin da ya sa ba za a ce a kori magen a huta ba ya wuce son ran Hajiya. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, wani ɓera ne mai yawan nonuwa yake yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci, kuma cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya take bayarwa, tare da rufe hatsi da nisanta juji, har da ajiye kyanwa. Gidan da ake jibge buhunan gero da wake bayan kaka yana buƙatarta.

Shi kuma kare yana zuwa da nasa haɗarin, wanda ya fi na mage girma. Haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma yara ne kaso mai yawa. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tsira. Mage ma tana kamuwa, galibi daga kare, ita ce kuma take hawa gadon yara. Saboda haka allurar rigakafi ta su biyun ce, daga wata uku da haihuwa, a riƙa sabuntawa kamar yadda likitan dabbobi ya tsara, a kuma adana katin. Wanda kare ko mage ta ciza ko ta yaƙusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti a ranar domin a fara allura, ko da raunin bai fi tsagar ƙaya ba.